Irin Da Ke Rataye A Madafin Uwarka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Jatau, manomi a gabashin Kafur, zuwa ga ɗansa Magaji wanda ke zangon Funtuwa yana jiran tashin ayari. Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya kiyaye ka daga zango zuwa zango, Ya tsare ƙafarka daga ƙaya da maciji, Ya tsare cikinka daga ruwan baƙon rafi. Ƙannenka suna gaishe ka. Uwarka ma tana gaishe ka, ko da yake ba ta ce ba.

Bayan haka, ka yi haƙuri da rubutun nan. Ka san karatuna a izu biyu ya tsaya, tun ranar da Malam ya ce in zaɓa tsakanin allo da garma, na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Har yau shawarar nake yi. In ka ga wani baƙi ya kwanta ka tashe shi, in ka ga wasali ya hau inda ba nasa ba ka sauke shi. Da baki ya kamata in yi wannan magana, amma kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka. Shekara ashirin da ɗoriya ina kallonka ta gefen ido kamar wanda ya zo gidan surukai. Takarda kuwa ba ta da kunya, shi ya sa na aiko ta da kawunka Ɗanjuma.

Ka ce mana cin rani za ka, damina na faɗuwa ka dawo. Muka yi maka sallamar ƙofar gida, irin wadda ake yi wa mai zuwa kasuwa. Kwana biyu da tafiyarka na zauna a zaure na ɗaga kai, sai na ga wurin zangarniyoyin dawar nan da ke rataye babu komai sai igiya. Na leƙa bayan rumbu, bakin garmar da maƙeri ya yi maka bara ba ya nan, ƙotar kawai ka bar mini. Magaji, ni jahili ne, amma ba a cin rani da iri. Mai cin rani guzuri yake ɗauka, abin da zai ƙare ya koro shi gida. Wanda ya ɗauki iri ƙaura zai yi.

Ban ce kada ka tafi ba. Gandun nan ya yi mana kaɗan, ku biyar ne, ƙasar kuma ta fara gajiya kamar gwiwoyina. In kudu kake so, Allah Ya sa albarka a kudu. Abin da zan gaya maka shi ne yadda na yi tawa ƙaurar, wadda kuke jin gutsurenta a bakin tsofaffin gari suna dariya. Yau ga ta daga bakin mai ita.

Ina kamar shekarunka wani bafatake ya kwana a zaurenmu, ya ce akwai kogi a kudu wanda in ka tsaya a wannan gaɓa, mutumin da ke waccan gaɓa bai fi ƙuda ba. Kakanka ya yi dariya ya ce fatake da ƙarya. Ni kuwa maganar ta shige ni. Ran kasuwar Kafur kakanka ya aike ni in sayo masa igiyar shanu. Na cusa zangarniya tara ta irinsa cikin burgame, na fita da hantsi, na wuce shi yana gyaran danga, har ya ce in duba igiyar da kyau kada a ba ni ruɓaɓɓiya. Na ce to. Wannan "to" ita ce sallamata da ubana. A kasuwa na tarar da ayari na ɗaurin kaya, na ce wa madugu na iya kora jakuna, na bi su. Igiyar nan ban sayo ta ba har yau.

Kuskurena na hanya shi ne ciki. Kwana na tara guzurin da na ɗan tara ya ƙare, na ce bari in murje zangarniya ɗaya tak, ai takwas ma iri ne. Wata mai fura a zango ta dama mini ita, kuma wallahi ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Bayan kwana uku na gano cewa bakwai ma iri ne. Ka ga irin ilimin da ke zuwa wa mutum in yana jin yunwa. Kafin mu shiga Bida, gonar da zan noma a kudu duk na shanye ta, saura zangarniya guda, ita ma don ta maƙale a ɗinkin burgame ban gan ta ba. Don haka ka ɗinke irinka cikin fata, ka ba madugu ajiya, ka ce ko ka zo kana kuka kada ya ba ka sai kun sauka. Kada ka yarda da kanka. Jinina ne a jikinka.

Amma Magaji, duniyar Allah! Ba zan ɓoye maka ba don in tsorata ka. Tun daga Zazzau itatuwa suka fara canjawa, ƙasa ta fara ja, duwatsu suka fara tsayawa ɗai-ɗai kamar an dasa su. Na ga doya wadda mutum ɗaya ba ya rungume ta. Na ga mutanen da ke ɗaukar kaya a kafaɗa ba a ka ba, suna mana dariya mu da muke ɗora wa kanmu. Da muka isa Lakwaja na hau tudu na duba, sai na zauna a ƙasa. Bafataken nan bai yi ƙarya ba, ragewa ma ya yi. Koguna biyu ne suka haɗu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa cikin gado ɗaya ba su gauraya ba sai can nesa inda ido ke gajiya. Ni da nake ganin rafinmu in ya cika da damina shi ne ƙarshen ruwa, har ina yi wa mutanen tudu alfahari da shi. Na yi ta tambayar kaina, duk wannan ruwa daga ina, kuma ina za shi, kuma wa ke zuba wani a madadinsa kullum ba fashi. Na so in karanta wani abu da ya dace da wurin, sai na ga duk abin da ke kaina gajerun surori ne. Na karanta su duka, na sake komawa farko.

Ban gama wannan mamaki ba sai ga jirgin Nasara. Gida ne sukutum na ƙarfe yana tafe bisa ruwa, hayaƙi na fita ta kansa, ba mai tuƙi da gora, ba mai filafili, kuma ba bin ruwa yake ba, haurowa yake. Da ya yi kuka na zubar da hulata na shige cikin rumfar wata mai kifi. Yara ƙanana na wasa a bakin gaɓa ko juyowa ba su yi ba. Mai kifin ta tambaye ni daga wane daji aka kamo ni. Na ce Katsina. Ta ce ta ga alama.

A garin nan na sauka wurin wani tsoho da ake kira Baba Saliyo. Bahaushe ne, amma Hausarsa ta bushe kamar ta yaro, yana magana yana laluben kalmomi. An kama shi ne a gona yana ƙarami yana korar tsuntsaye, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi cikin jirgi, wasu Nasaran suka tare jirgin suka sauke su a ƙasar da ake kira Saliyo. Can ya girma, ya koyi harshensu har yana yi musu fassara a bakin kogi. Bai san sunan garinsu ba. Dutse kawai yake tunawa, da tsamiya, da rijiya mai baki biyu. Ya tambaye ni ko na san wurin. Na ce Baba, ai ka kwatanta rabin ƙasar Hausa.

Wata rana muna zaune da la'asar muna kallon masu sauka daga jirgi, ya ce mini Nasara suna da kalmomi biyu na ƙaura, mu kuwa ɗaya gare mu. Ya faɗe su, a kunne kamar tagwaye, sai ka kasa kunne sosai za ka ji inda suka rabu. Na yi ta maimaita su ina riƙe da su har hanyar dawowa, a wajen Bida suka zube mini, inda dawata ma ta ƙare. Amma ma'anarsu ba ta zube ba. Ya ce ɗaya ta mai fita ce daga ƙasarsa, ɗaya ta mai shiga ce ƙasar wasu. Na ce ai mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce, tafiya ɗaya ce, me ya kawo suna biyu, ko kalmomi ne suka yi musu yawa suka rasa inda za su zuba. Ya ce tafiyar ɗaya ce, amma masu kallonta kashi biyu ne. Waɗanda ka bari suna tsaye suna kallon ƙeyarka tana ƙanƙancewa, su ke da ta farko. Waɗanda ka tarar suna kallon fuskarka tana girma, su ke da ta biyu. Babu wanda ke ganin duka biyun sai Allah.

Na yi ta jinjina wannan abu, yadda mutanen da ba su san alwala ba suka lura da abin da ni ban lura ba. Sai tsohon ya ce:

"Ni ta biyun an faɗa mini sau uku, a ƙasa uku. Ta farkon ba wanda ya faɗa mini, don ba wanda ya ga fitata."

Sai ya tambaye ni wa ya yi mini rakiya da zan baro gida. Na ba shi labarin igiyar shanu, ina dariya, ina tsammanin shi ma zai yi. Bai yi ba. Ya ce in kawo masa zangarniyar nan da ta rage. Ya riƙe ta da hannu biyu ya kai hanci, ya daɗe a haka idonsa a rufe, har na ji kunya na kau da kai. Da ya miƙo mini ita ya ce:

"Ni sace ni aka yi, yaro. Kai kuwa kai ka saci kanka."

Da ina da hankali, da washegari na kama hanya. Ban da shi. Na ce sai na nuna wa mutanen kudu yadda ake noma tukuna.

To ga yadda na yi tawa shigar, don kada ka yi irinta. Ban gai da mai unguwa ba sai da aka aiko kirana. Duk abin da aka ba ni sai in ce a garinmu ba haka ake yi ba. A garinmu tuwo ya fi haka tauri, a garinmu gaisuwa ta fi haka tsawo, a garinmu ko rana ta fi wannan kyau. Kafin wata biyu ba wanda ya san ni da Jatau, A-garinmu ake kirana, har yara. Aka ba ni fili a bayan gari don darajar Baba Saliyo. Ruwa ya sauka tun muna ganin rani ne a lissafinmu, kowa ya fita shuka. Wata tsohuwa mai gona kusa da tawa ta ce in karɓi irinsu in shuka yanzu, dawar arewa ba ta san ruwan nan ba. Na ce mata a garinmu ba a shuka sai shamuwa ta zo. Ta ce to in jira ta. Na zauna ina duban sama ina jiran tsuntsuwar da ba ta san ina can ba. Da na gaji na shuka ɗan irina. Ya tsiro, ya tashi, ya wuce tsawon mutum biyu, har ina kiran mutane su zo su ga dawar Katsina. Ya fitar da kai a lokacin da ya saba fitarwa a gida, lokacin da ruwanmu ke janyewa. Can kuwa ruwa ko alamar tafiya bai yi ba. Kan ya jiƙe, ya yi baƙi, ya ruɓe a tsaye. Dawar ba ta yi laifi ba, ita ta riƙe alƙawarin ƙasarta. Ni ne na kai ta inda ba a san alƙawarin ba. Tsohuwar nan ita ta ciyar da ni har kaka, kullum in ta miƙo ƙwarya sai ta ce, a garinmu haka muke yi.

Saboda haka in ka sauka, ka fara da gaisuwa kafin ka ajiye kaya. Ka nemi mai gari, ka nemi sarkin noma, ko da ba masu salla ba ne, kamar dai yadda muke zaune da Maguzawan ƙetaren rafi, mu san abin da suke girmamawa mu kauce masa. Kada ka sari itace sai ka tambaya. Ka nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gona ka durƙusa ka tambaye ta yaushe ake shuka. Ka cika gonarka da irinsu, namu ka ba shi kusurwa ɗaya a kan tudu, ka gwada shi shekara biyu ka ga ko zai saba. Sunan garinmu kuma ka riƙe shi a ciki sai an tambaye ka. In abinsu ya ba ka mamaki ka bari su gani a fuskarka, mutane na son baƙon da ke mamakin ƙasarsu. Ni na yi mamakin, sai dai na ɓoye shi don kada a raina ni, aka kuwa raina ni.

Shekara huɗu na yi ina dako a bakin kogi kafin in juyo. Na shigo gari da rana tsaka, da sabuwar hula, ina shirya yadda zan ba kakanka labarin jirgi. Na tarar an yi wata bakwai da binne shi. Kakarka ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ba ni ruwa na sha, sannan ta ce tun da na tafi, kullum bayan la'asar sai ya tafi mashigin rafi, wurin tsamiyar da rakiya ke tsayawa. Ya ce bai raka ni ba, bai ga hanyar da na bi ba, don haka bai san inda zai fuskanta ya sa mini albarka ba. Sai ya riƙa juyawa gabas ya yi addu'a, ya juya yamma, ya juya arewa. Kudu ce yake taƙaitawa, wai ɗansa bai kai wautar da zai nufi can ba. Har a nan ma ya kyautata mini zato fiye da yadda na cancanta.

Ka san yadda muke rakiyar mai ƙaura. Gida duka a fito, a ɗaukar masa kayansa har tsamiya, shi ya tafi hannu sake kamar sarki. A can babba ya kama hannunsa ya yi addu'a, a shafa, a ɗora masa kaya, ya tsallake rafi. Masu rakiya ba sa juyawa sai ya ɓace a bayan tudu. Da ina yaro ina ganin ɓata lokaci ne. Yanzu na san ba don mai tafiya kaɗai ake yi ba. Shi yana da hanya a gabansa da za ta ɗauke masa hankali. Waɗanda aka bari ba su da komai sai wannan tsayuwa. Ita ce rabonsu na tafiyar, ita ce kalmar farkon nan ta Baba Saliyo. Na hana ubana nasa rabon, kuma ba inda zan kai masa yanzu.

Uwarka ta riga ni ganewa. Ka san ba za ta ambace ka ba ko ana yanka ta. Amma jiya na ga ta ɗauki tulu ta nufi rafi da la'asar, alhali randunan gidan duk a cike suke. Ta daɗe, ta dawo da tulun ba ruwa. Na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ban gani ba. Magaji, na riga na sa mutum ɗaya tsayuwa a tsamiyar nan. Ba zan iya kallon na biyu ba.

Saura magana ɗaya, kuma ka yi dariya in ka so, ni na yi. Zangarniyoyin da ka ɗauka a zaure ba iri ba ne. Na alfahari ne. Su ne manyan nan na shekarar da ruwa ya yi kyau, shekara huɗu ke nan suna rataye don duk baƙon da ya shigo ya tambaya gonar wa ta yi wannan, in yi gyaran murya. Ƙwari sun cinye cikinsu tuni, ko kaza ka watsa wa sai ta dube ka. Irin gaske yana inda yake kullum, a rufin madafin uwarka bisa murhu, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ba kyan gani, amma ba ƙwaron da ya taɓa shi. Jikan jikan wanda kakanka ya bari ne. Ka san yana can. Na kuma san abin da ya hana ka shiga ɗaukarsa: sai ka wuce ta gabanta.

Kawunka ya nemi in ba shi ya kawo maka. Na hana. An ce ayarinku ba zai tashi ba sai bayan Juma'a. Daga Funtuwa zuwa nan yini ne da rabi ga mai ƙafa irin taka, ga jakin kawunka kuma in ka gaji. Ka zo ka sunkuya ka shiga madafin nan, ka ce mata ƙaura za ka yi, da bakinka. Ba za ta dube ka ba, ba za ta amsa ba, amma za ta hau turmi ta kwanto maka shi da hannunta. Ni zan ɗauki garmarka, ƙotarta na nan tana jiran bakinta. Mu raka ka har tsamiya, mu ga tudun da ka hau, mu san inda za mu fuskanta.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya fitar da kai lafiya, Ya shigar da kai cikin mutanen da za su yi murna da fuskarka. Ya nuna maka abin mamaki fiye da wanda na gani, Ya ba ka hankalin da ban kai can da shi ba. Ya sa irin ya tsiro. Amin.

In ka biyo ta kasuwar Kafur, ka sayo mini igiyar shanu. Ka duba ta da kyau.

Ubanka, Jatau. Wassalam.